Araha Ba Ta Shela

Makon farko da aka damƙa mini cefanen gidan nan, takarda na ɗauko na ja mata layi da rula. Malamar firamare ce ni, hannuna ya saba da jadawali. Na rubuta Litinin shinkafa da miya, Talata tuwo miyar kuɓewa, Laraba doya da ƙwai, har zuwa Lahadi, na liƙa a bayan ƙofar kicin ina jin kaina. Inna, mahaifiyar maigidana, ta zo wucewa da butarta, ta tsaya ta ƙura wa takardar ido, ko da yake ba ta yi boko ba. Na karanta mata. Ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla. To ke 'yar nan, ita kasuwar kin aika mata da nata kwafin?"

Ban gane zancen ba sai ranar Laraba. Watan Yuni ne, tsohuwar doya ta ƙare, sabuwa ba ta fito ba, 'yar wadda ta rage ta yamushe ta kuma yi tsadar tsiya. Na saya, tunda takarda ta ce doya. Kafin Juma'a kuɗin cefanen mako ya tafi. Inna ba ta ce uffan ba. Ranar Asabar ta yafa mayafinta ta ce in ɗauko kwando.

Abin da ta yi a kasuwa ya ba ni haushi a ranar. Muka ratsa daga wannan baki zuwa wancan ba ta taya ko albasa ɗaya ba. Gaisuwa kawai take yi, idonta na kan ƙasa, kan abin da aka kasa. Sai da muka kai ƙarshe ta juyo ta tambaye ni me na gani ya fi yawa. Na ce ganye: yakuwa, rama, alayyafo, ga gauta tuli-tuli, masu shi har kiran mutum suke yi. Ta ce, "To shi ne abincinmu. Abin da mai shi ke kiranki ki saya, shi ake ci. Wanda kike kiran mai shi yana share ki, bar masa kayansa." Muka auni masara aka ɓarza mana tsaki, muka ƙara gyaɗa kaɗan, aka yi fate. Mu takwas muka ci muka bari, a kan kuɗin da bai kai rabin na doyata ba. Da yamma na ɓamɓare takardar.

Kafin wannan rana, in aka ce araha, garaɓasar manyan kantunan Kaduna da Abuja nake hangowa: a rubuta da jan alƙalami an rage kaza, a sa kiɗa a bakin ƙofa. Wata ƙawata da ke Ingila ta ba ni labarin yadda kantunansu ke manna 'yar takarda mai ruwan ɗorawa a kan abincin da ya kusa lalacewa idan yamma ta yi, mutane su yi ta zagaye suna jiran mai mannawa. Mu ma muna da irin wannan a Kafanchan, sai dai babu takarda, babu kiɗa. Arahar nan wata ne a shekara, rana ce a wata, sa'a ce a yini. Wanda bai san lokacinta ba zai wuce ta gefenta bai gan ta ba.

Inna ta san wannan ne tun zamanin reluwe, don marigayi mijinta can ya yi aiki. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun 1927 ya zama mahaɗa, layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi da Lafiya ya rabu a nan, ɗaya ya yi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Takan ce a da, ranar da jirgin kudu ya shigo manja da garin rogo kan faɗi, ranar da aka biya ma'aikatan reluwe kuma komai ya tashi, har gishiri. Jirgin ya yi shiru, amma rabin maganarta na nan daram. Har gobe, albashi na shiga kasuwa na ji a jikinta. Shi ya sa na koyi ɓoye wani abu daga albashin wannan wata, in yi babban cefane wajen sha biyar zuwa ashirin ga wata, lokacin da aljihun kowa ya bushe, 'yan kasuwa na hamma suna korar ƙuda. Wanda ya ce miki "albarka" ranar biyu ga wata, shi ne zai kira ki ya sallama ranar sha takwas.

Ita kuwa shekara, a kudancin Kaduna kalanda biyu take bi, kuma mai cefane dole ta riƙe duka biyun ko wane addini take yi. Daga Oktoba masara ke shigowa, acca ta riga ta, wake da dawa su biyo baya a Nuwamba da Disamba. Manomi ba don yana so yake fito da hatsinsa a lokacin ba. Bashin taki na jiransa, ga Kirsimeti, ga bukukuwan aure da ake tarawa a Disamba, ga 'yan'uwa da za su dawo gida daga birni, ga bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, sannan kuɗin makaranta na laɓe a bayan ƙofa. Kowa ya fito da kaya a lokaci guda, hatsi ya faɗi. Amma a makon Kirsimeti ɗin kansa kada ki kusanci shinkafa, man gyaɗa, kaza ko albasa. Haka in azumi ya gabato: sukari, gero, wake, ƙwai da kayan marmari su hau, kuma shi azumi kowace shekara sai ya matso da kwana goma ko sha ɗaya, don haka lissafinsa ba ya zama wuri ɗaya. Maƙwabciyata Kirista ce. Ita ke tuna mini in sayi shinkafa tun Nuwamba, ni kuma in ce mata ta yi maza ta sayi sukari da gero, saura mako uku a ga wata. Muna cin shinkafar bikinsu, suna cin naman Sallarmu, tsadar kuma tare muke shanta.

Manja a sayi na shekara tsakanin Fabrairu da Afrilu. Albasa ma wajen nan take araha, in kayan Sakkwato da Kabi sun sauko. Doya daga Oktoba zuwa Janairu, in motoci sun fara shigowa ta Gwantu da Gidan Waya. Wannan duk mai hankali zai iya haddacewa a zama ɗaya. Abin da ba a haddacewa, sai an sha wuya, shi ne cewa sayen abu da araha rabin aiki ne.

Tumatir ne ya fara koya mini. Wata Asabar a ƙarshen Afrilu, da la'asar sakaliya, na tarar da wani ɗan gwari da kwando biyu sun yi masa kwantai. Na taya da wasa, ya sallama. Na hau acaɓa da kwando a gaba ina murmushi, a raina ina cewa na gama da miyar wata biyu. Na yanyanka na baza a kan buhu a tsakar gida zan yi kauɗa, yadda na ga ana yi a wajen dangin mahaifiyata a Kano. Abin da na manta, nan ba Kano ba ce. A Kafanchan ruwa na sauka tun Afrilu, iska na ɗauke da laima. Daren farko hadari ya haɗo, muka kwashe a guje. Rana ta biyu babu rana. Rana ta uku farin fumfuna ya rufe shi kamar auduga, ɗakin ajiya ya ɗauki wani tsami da har yau in na tuna sai na ji shi a hanci. Firij kuwa, wutar ba abin dogaro ba ce. Kaji ma ƙin ci suka yi. Inna ta leƙo ta ce, "Araha ba ta ado," ta koma ɗakinta.

Yanzu kauɗa a hunturu nake yinta, Janairu zuwa Fabrairu, lokacin da kayan noman rani suka cika kasuwa kuma iska na busar da wanki kafin ki gama shanya. In yanka da safe, kwana huɗu ko biyar ta bushe ƙarau, in ɗura a bokiti mai murfi. Tattasai da attaruhu da kuɓewa ma haka. Ranar wannan wahala takan zo a Mayu da Yuni. A 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ban da komai a ajiye, na ji jiki. A 2024 da abin ya maimaita kansa, mata na ta miya da karas da gauta, ni bokitina na buɗe.

Wake kuma ya yi mini nasa. Na sayi rabin buhu a Disamba, na jingine a lungu. Kafin Maris, in kika sa kunne jikin buhun sai ki ji motsi a ciki. Na buɗe, ƙwari suka tashi, kowace ƙwaya ta huje biyu uku, ƙasan buhun gari ne zalla. Wani mai shago ya ba ni shawarar in zuba maganin ƙwari, wai kowa haka yake yi. Na ƙi, don abin da zan ba 'ya'yana ne, kuma irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Dabarar da ta fisshe ni ba ta da tsada. Jarkar man gyaɗa mai lita 25, a wanke ta tas, a bar ta ta bushe sarai, a shanya waken ya sha rana, a ɗura ana girgizawa har ya cika maƙil, a sa leda a baki a murɗe murfi. Ƙwaron da ya rasa iska mutuwa yake yi. Wannan hikimar ce a buhun PICS da masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Yana aiki, in dai ɓera bai huda ba, kuma in an hana yara buɗewa kullum.

A wurin awo ma akwai karatu. Sabuwar masara takan yi kyau a ido, ta cika mudu, amma ruwa kike saya. Inna kan ɗauki ƙwaya ɗaya ta kai haƙorin gaba. In ta fashe da ƙara, ta bushe. In haƙori ya nutse, ko an ba ki a rabin kuɗi ki wuce, don za ta rage a buhu ta kuma yi baƙi. Sannan ta juya mudun ta dubi gindinsa, ko an buga shi ya shige ciki. Ba ta faɗa da kowa. In ta ga an tauye, sai ta ce, "Baba, ara mini mudun maƙwabcinka," magana ta ƙare. Mai awon kirki kuwa, wadda ke kare mudu da hannu hatsi ya taru a sama, ta kuma ƙara gyara ba a roƙa ba, Inna ba ta barinta saboda ragin naira hamsin a wani wuri. Shekara goma sha muna awo wurin mace ɗaya. Ranar da albashi ya makara, ita ce ke cewa, "Malama, ɗauka, in an biya ku kya kawo."

Akwai wata ɓarna da ba ƙwaro ke yinta ba. Wani shago ya taɓa yin garaɓasar taliyar yara, katan biyu a ƙara rabin katan. Na saya ina ganin na yi dabara. Abin da yakan kai mu wata guda in ina saye ɗai-ɗai, ya ƙare a kwana tara, saboda yara sun ga katan. Buhu ma haka yake. In yana tsaye a fili, hannun mai ɗiba yakan saki, mai aunawa ta daina aunawa, baƙo ya zo a ce ƙara mudu ɗaya. Ban ce a hana maƙwabci ko ɗan'uwa ba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ni ma an ba ni. Amma na sa kwado a ɗakin ajiya, na ware gwangwani ɗaya na awo, na kuma ware abin kyauta daban tun ranar da kaya suka shigo.

Da can nakan shiga mota in tafi kasuwannin ƙauye, wajen Zonkwa ko Manchok ko Jagindi, in saya daga hannun manomi kafin 'yan sari su taɓa. Ranar 29 ga Mayun 2023 ta canza wannan lissafi. Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Na je sau ɗaya bayan nan, na dawo na zauna da biro: kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin kaya, ɗan dako, acaɓa zuwa gida, ga yini guda da na kashe. Ragin da na samu a mudu ashirin duk ya narke a hanya. Sai muka haɗa kai mu biyar a makarantarmu, muka mai da adashinmu na Nuwamba na hatsi. Mutum ɗaya ke tafiya, ta sayo buhu-buhu, a raba kuɗin mota biyar, a zo a auna a tsakar gidan ɗayarmu da mudu ɗaya kowa na kallo. Maza sun daɗe da sanin wannan a watanda, su haɗa kuɗi su sayi sa a yanka a kasa. Mu dai mun ɗauko ta muka kai kan masara da wake.

Sai dai in faɗi gaskiya, duk wannan dabara ta mai ɗan abin hannu ce. A Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Wata guda bayan nan aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuɗin da a lokacin bai sayen buhun shinkafa ɗaya. Matar da mijinta ke kawo abin da ya samu da yamma, ba ta da Nuwamba ba ta da Fabrairu. Gwangwani take saya, ƙullin manja, ƙullin gishiri, kuma ita ce ke biyan tsada fiye da kowa a garin. In na ji ana yi wa irinta wa'azin tattali, raina ɓaci yake yi.

Akwai kuma arahar da ke da ɗaci. A Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, mutane na kwana a layin banki, masu POS na yanka yadda suka ga dama. Mutanen ƙauye ba su da asusu, ba su yarda da tiransifa ba. Duk mai tsabar kuɗi a hannu ya zama sarki. Na samu 'yan dubbai, na shiga kasuwa da yamma, na tarar da wata dattijuwa da ta sauko daga wajen duwatsun Kagoro da kwanon acca da ɗaurin gwaza. Na taya ƙasa da rabi, don na san ba ta da zaɓi. Ta dube ni, ta dubi rana, ta ce, "Kawo, 'yata." Na dawo ina ba Inna labari da alfahari. Ta tambaye ni ko na san aikin acca: yankan, sussukar, surfen, wankin yashin da ake yi ƙwarya bayan ƙwarya. Na ce na sani. Ta ce, "Wannan ba ciniki kika yi ba, ƙwace kika yi da sallama." Accar nan ta daɗe a ɗaki ban iya dafa ta ba. A damina ta waccan shekarar ce kuma cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko, gonaki suka ruɓe a ƙasa, mutanen da citta ce bankinsu suka fito da abincin rumbunsu suna sayarwa don biyan bashi. Tun daga nan na raba ciniki biyu. Da ɗan sari mai sito nakan ja har sai ya yi gumi. Da matar da ta ɗauko kaya a ka, in ta faɗi kuɗi mai ma'ana, biya nake yi, in karɓi gyarata in yi gaba. Yammacin kasuwa na nan, kayan gwari na faɗuwa in rana ta yi ƙasa, ina kuma saye, amma akwai inda nake tsayawa.

Da na fara jin na zama gwana, sai kasuwa ta nuna mini iyakata. A kakar 2024, bayan azabar da muka sha, na rantse ba za a sake ritsa ni ba. Na kwashe adashi, na karɓi rance wurin ƙanwata, na sayi masara ninkin abin da muke saye, da niyyar mu ci rabi in sayar da rabi a Yuni in mai da kuɗina har da riba. Kowace shekara tun da na san kasuwa haka take yi, ta faɗi a kaka ta hau a damina. A 2025 ta ƙi. Gwamnati ta riga ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 tun Yulin 2024, masu ɓoye kaya suka tsorata suka buɗe sito, farashi ya kama gangara. Yuni ya zo, mudun da na saya a Nuwamba ya fi na kasuwa tsada. Ban sayar ba, wa zai saya? Muka ci tuwo, muka ci fate, muka sha koko, muka sake cin tuwo, ina biyan ƙanwata kaɗan-kaɗan daga albashi. Manoman da suka sayi taki da tsada sun fi ni kuka nesa ba kusa ba.

Inna ta rasu kafin wannan, Allah ya jiƙanta, don haka ban san me za ta ce ba. Maigida ne ya gaje ta a tsokana. In ya ga an kawo tuwo sai ya ce, "Malama, wannan daga cikin ribar tamu ce?"

Ga wata kakar ta zo. Jiya matan adashi suka aiko a tambaye ni buhu nawa za a sayo mini. Na leƙa ɗakin ajiya, saura jarka biyu na tsohuwar masara da rabin bokitin kauɗa. Na ce su ba ni zuwa Asabar, ina so in ratsa kasuwa tukuna.